Launin Idon Kakata

Har yau in maƙwabta suka ɗora tukunyar wankan jego, ƙamshin dafaffen ganyen dogon yaro ya tsallako katanga ya same ni, sai in ajiye abin da nake yi. Gidanmu na Jega yake mayar da ni, wata bazara a shekarun da Sakkwato ce babban birnin jiharmu, lokacin da aka haifi ƙanena, aka kuma yi kwanaki ana hana kakarsa ta ɗora ido a kansa. Ina 'yar yarinya a lokacin, ban isa ɗaukar babban tulu ba, amma na isa in gane cewa manyan gidanmu a tsorace suke, kuma ba abin da ke tayar wa yaro hankali kamar wannan.

Kakar da nake nufi ita ce mahaifiyar Baba. Tun da na yi wayo na same ta da yana a idanu biyu. Tsakiyar kowane ido ya yi fari kamar an ɗiga nono, ba ta bambanta komai sai haske da duhu. Hasken ma damunta yake yi, shi ya sa kullum mayafinta a janye yake har goshi, fatar idon a sassauke, zamanta kuma a ƙuryar ɗaki. A ɗakinta nake kwana, ni ce kuma mai riƙe mata hannu in za ta gidan barka ko gaisuwar rasuwa. Muna tafe muna tsiya. Ta ce ina jan ta kamar akuyar da za a kai kasuwa, ni kuma in ce akuya ma ta fi ta sauri. Ba ta da saurin fushi, amma in ta yi shi ba ta shawara da kowa.

Kafin idon ya tafi ita ce ungozomar unguwarmu. Da ya tafi sai ta bar yankan cibi, amma wankan farko na duk jaririn da aka haifa a gidanmu yana hannunta, da lalube take yi, ba ta taɓa kuskure ba. Abu guda ne ya gagare ta, sanya wa jariri kwallin farko, wanda a wajenta shi ne cikar aikin. Inna, mahaifiyata, ta haihu sau biyu bayana, duka yaran ba su kai yaye ba. Kaka ta wanke su da rai, ta kuma ji ana fita da su, ba ta san kamannin ko ɗaya ba. Wannan abu ya tsaya mata a rai, ko da yake ba ta cika faɗa ba.

An daɗe ana yi mata maganar likitocin Sakkwato masu cire yana, tana ƙi. Ta san wani maƙwabcinmu da mai sukar ido ya soke wa ido da allura a bakin kasuwa, ya yi 'yan kwanaki yana gani, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. A wajenta duk mai taɓa ido ɗaya ne, ko da rigar asibiti ko babu. Sai da cikin Inna ya fito sosai, a lokacin sanyi, ana tsakiyar ban ruwan albasa a fadama, ta kira ni wata safiya ta ce in gaya wa yaron Maiyama ya nemi mota, tana so ta ga wannan da idonta.

Bari in tsaya in gaya maka wane ne yaron Maiyama, don in ba ka san wannan ba sauran labarin ba zai shige ka ba. Baba ne. Shi ne ɗan farin Kaka, kuma matan zamaninta kunyar ɗan fari suke yi ta gaske, ba irin ta yanzu da ake yi ana dariya ba. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta dubansa. Ana yaye shi aka kai shi Maiyama wajen yayanta, can ya tashi, bai dawo Jega ba sai da ya isa riƙe garma. Ko da ya dawo, gaisuwarsa daga bakin ƙofa take, a durƙushe, kansa a ƙasa, ita kuma ta juya fuska bango ta amsa a taƙaice. In tana da saƙo ni ce bakinta, ko da yana tsaye yana ji. Ban taɓa ganin abin a matsayin rashin so ba, don na san wa take ɓoye wa tsokar kaza a ƙarƙashin faifai. Haka dai aka same su, haka suka zauna.

Mu uku muka tafi Sakkwato. Ban riƙe komai na hanyar ba sai jijjigar mota da hannun Kaka da ya yi sanyi a cikin nawa. Ido ɗaya aka yi mata, na dama, aka ce na hagu sai wani jiƙon. Ranar da aka kwance ƙyallen da aka naɗe idon da shi, likita ya ɗora mata wani gilashin gwaji ya tambaye ta me take gani. Baba ne tsaye daidai gabanta. Tana gane inuwar namiji ce sai ta kau da kai gefe, ta ce tana ganin taga, tana ganin wata yarinya mai ƙaton goshi. Ni ce mai goshin. Na yi dariya har da hawaye, ma'aikatan ma suka taya ni.

Tabaran da aka ba ta daga baya shi ya jawo mana masifa. A zamanin in an cire yana, mutum ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ɓangaren hagu an dushe shi tunda wancan idon ba ya aiki, ɓangaren dama kuwa ya kumbura idon ya cika gilashin. Farin nan ya tafi, tsakiyar ta koma baƙi ƙirin. Amma zoben da ya kewaye baƙin, shi ne abin da ba wanda ya shirya gani. Ba baƙi ba ne kamar na sauran mutanen gidanmu. Haske gare shi, ruwan busasshen ɓawon albasa, in rana ta taɓa shi har ɗan walƙiya yake yi.

Ranar da mata suka cika gidanmu yi mata barka da arziki, Kaka ta yaye mayafi daga goshi, ta ɗaga kai tana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana murna, tana gane wadda ta tsufa da wadda ta yi ƙiba. Wata tsohuwa daga bayan masallaci ta dube ta, ta yi a'uziyya a hankali, ta jawo jikanta ta mayar da shi bayanta. Na gani, Kaka ma ta gani.

Kafin kasuwa ta sake ci magana ta gama unguwa. An ce a asibitin Sakkwato ƙwaƙule ido suke yi su sa wani. An ce akwai wani mutumin Kimba da aka sa wa na akuya, tun daga nan ba ya wuce ganye bai tsaya ba. Kaka kuwa, in ji su, na mage aka sa mata, ga launin nan kowa ya gani, kuma irin wannan ido duk abu mai ɗanyen rai da ya kalla sai ya yi yaushi. 'Yan tsakin wata maƙwabciya suka mutu, kamar yadda suke mutuwa kowace shekara in zafi ya shigo, aka ce ai Kaka ta bi ta ƙofar gidan. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne, waɗanda ba su taɓa wuce tashar mota ba su suka fi kowa sanin abin da ake yi a ɗakin aikin likita.

Za ka ce to me ya hana mu 'yan gida mu ce haka idonta yake tun asali? Ba mu sani ba, gaskiyar ke nan. Wanda ya ga farin ɗigo a idon mutum shi yake kallo, ba ya lura da abin da ya kewaye shi, balle a ɗaki mai duhu, ƙarƙashin mayafi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Inna suruka ce, ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarta ba. Sa'anninta na Jega kuwa kowace ta ce ba ta tuna, wasu don da gaske sun manta, wasu don ba sa son bakinsu a ciki. Ni da nake kwana da ita, in ta sa tabaran da safe sai in sami kaina ina kallon yatsun ƙafata. Matar da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya nuna mata fuskokin mutane, abin da ta fara gani da sabon idon shi ne mutane suna kau da fuska daga gare ta. Ta daina fita. Ta daina tsokanata, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Akwai wata ma'aikaciyar asibitin garinmu, Kirista ce daga wajen Zuru, tana haya kusa da mu, takan shigo sayen ƙuli wajen Inna. Ita ta zauna ta yi wa matan gidan bayani da Hausarta mai daɗi. Ta ce yana tana can ciki ne, bayan zoben mai launi, kamar asabari a bayan ƙofa. Asabarin aka cire, ba wanda ya taɓa ƙofar, kuma babu likitan da ya iya sa wa mutum idon dabba. Gilashin ne kawai ya girmama abin da yake nan tun da. Suka saurare ta, suka yi mata godiya, tana fita aka ce ai mutanen asibiti bakinsu ɗaya.

Ana cikin haka bazara ta kankama. An cire albasa, an jibge ta a rumfuna, gari ya ɗauki warinta, zafi kuma ya hana kowa sakat. Sai ga Iya, mahaifiyar Inna, ta sauka daga Aliero da buhun gero da kanwa da barkono, ta zo zaman jego. Iya mace ce mai kirki, ita ta koya mini kitso, amma ta binne jikoki biyu, kuma maganar idon ta riga ta isa Aliero ta bakin direbobin albasa. Da ta shiga gaida Kaka, daga bakin ƙofa ta tsaya, idonta a kan tabarma.

Kaka ta yi shirinta tsaf. Ta aike ni kasuwa na sayo sabuwar ƙwarya da soso da sabulun salo, ta daka kwalli da hannunta ta tankaɗe shi da ƙyalle har ya yi laushi, ta zuba a sabon tandu. Kullum da safe sai ta fito da su ta duba, ta mayar.

Wata rana da hantsi Inna ta haihu, namiji. Muna jin kukansa Kaka ta miƙe, ta sa tabarau, ta ɗauki ƙwaryarta, ta ratsa tsakar gida ita kaɗai ba mai riƙe ta. Ina biye da ita da tandun kwalli. Iya ta tare ƙofar ɗakin, hannunta ɗaya a jikin bango.

“Ki koma ki huta,” in ji ta. “Ijiyarki ba ta warke ba, hayaƙi na ciki. Mun wanke shi.”

Kaka ta tsaya. Ta dubi Iya, Iya ta dubi ƙasa. Babu hayaƙi a ɗakin, ba a ma hura wutar gado ba tukuna. Kaka ta ce Allah ya raya, ta juya. Ta koma ɗakinta da ƙwaryar, ina biye da tandun kwalli.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Iya ta rataya tsohon bargo a ƙofar ɗakin jego a cikin wannan zafi. Kowace rana da irin dalilinta: yau yaro yana barci, gobe yana shan nono, jibi cibinsa bai faɗi ba. In za a fito da Inna wanka safe da yamma, sai an tabbatar Kaka tana ɗaki. Mata suna shigowa barka, su ɗauki yaro, su yaba hancinsa, su leƙa su gaida Kaka daga nesa su wuce. Tana zaune tana jin kukan jikanta ta bayan bango, in ya yi kuka mai tsawo sai in ga hannuwanta suna motsi a kan cinyarta kamar tana jijjiga shi. Inna kuwa tana tsakanin uwa da suruka, ta rame, ba ta iya cewa komai, sai kuka a ɓoye in Iya ta fita ɗebo ruwa. Baba ya maida kansa rumfar albasa, ya fita tun asuba, ba ya son ya ga abin da ba zai iya gyarawa ba.

Ana gobe suna, da safe, na shiga ɗaki na tarar Kaka ta ɗaure kayanta a zane. Ba su da yawa, amma ta haɗa har da tasbaha da kwanon cin tuwonta, na kuwa san wanda zai je ya dawo ba ya ɗaukar kwano. Ta ce in je rumfa in gaya wa yaron Maiyama za ta wajen yayanta yau, ba za ta zauna a raɗa suna tana bayan bargo kamar mai cutar da ake gudu ba. Na san Kaka. In ta taka ƙofar gidan nan da wannan ƙullin, sai dai a kai mana labarin rasuwarta daga Maiyama.

Da gudu na je, da gudu muka dawo. Baba ya shigo da ƙasar albasa a ƙafafunsa, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da ƙofar ɗakin jego, don Iya ma surukarsa ce, ba ya haɗa ido da ita. Akwai mata kaɗan a tsakar gida suna surfen geron suna. Tabarya ta tsaya.

“Iya,” ya ce, murya ƙasa ƙasa, “likita ya ce yana ɗai anka ɗebe. A yi haƙuri a kai mata yaro.”

Iya ta ɗaga bargon ta fito. Ba da faɗa ta yi magana ba, da ma da faɗa ne da ya fi sauƙi.

“Ni ban da rigima da kowa. Biyu munka kai ƙasa daga gidanga. Na ukku ba ni aza shi gaban ijiyar da ban san inda tah hito ba. Likita kau, mi kake so shi ce? Amma kai aɗ ɗanta. Hwaɗa min, wace irin ijiya ag gare ta tun hwarko? In kac ce haka take, yanzu in ɗauko shi in kai mata da hannuna.”

Baba ya ƙara sunkuyar da kai. Mutum ne mai iyali, wanda dillalan albasa suke shakkar yi wa wasa, ga shi durƙushe a gaban mata an tambaye shi launin idon uwar da ta haife shi, bai sani ba. Bai taɓa gani ba. Kowa a tsakar gidan ya san dalili, ba kuma wanda zai ce laifin wani ne. Gumi yana bin wuyan Baba yana shiga riga. Iya ta juya za ta koma.

Sai muryar Kaka ta fito daga ɗaki. Ni ta kira.

“Ke, hidda min tabarma, ki shimhiɗa ta cikin rana.”

Na shimfiɗa a tsakiyar gida inda babu inuwa ko kaɗan. Ta fito ba mayafi a goshi, ta zauna, ta miƙe bayanta. Ta cire tabaran ta ba ni, ta sa yatsa ta ɗaga fatar idon hagu, wanda ba a taɓa ba.

“Ki ce ma wancan shi matso. Ta hagu ba wanda yat taɓa ta. Shi duba ta, shi duba ta dama. In ba iri guda na ba, shi kai ni tasha da kainai.”

Matan suka sunkuyar da kai, wata ta rufe baki da gefen zane. A wajensu abin da Kaka take shirin yi ya fi tafiya Maiyama nauyi. Mace mai shekarunta ta kira ɗan farinta gaban jama'a ta ba shi fuska, wannan abu ne da za a yi ta maimaitawa a gidajen biki. Ta san haka sarai.

Baba bai miƙe ba, da gwiwa ya matso. Ya tsaya nesa kaɗan, ta ce mini in ce ya ƙara matsowa, ya ƙara, har gwiwarsa ta taɓa bakin tabarma. Kansa yana ƙasa. Ya ɗago a hankali kamar mai ɗaga kaya mai nauyi, ya tsaya a haɓarta, sannan ya ƙarasa. Rana tana dukan fuskarta, idanun suna zubar da ruwa saboda haske, amma ba ta ƙifta ba, ba ta kuma juya ba. Ni ina tsaye da tabarau a hannu, ina roƙon Allah a zuci ba tare da na san me nake cewa ba.

“Iri guda na,” in ji Baba. Ya sake faɗa da ƙarfi don Iya ta ji. “Iri guda na.”

Kaka ta miƙo hannu na sa mata tabaran. Na ɗauka za ta sa ta juya bango kamar kullum. Ta sa, ba ta juya ba. Baba yana nan inda yake, ya kasa motsi. Ta dube shi tun daga hula har gemu, a tsanake, irin duban da take yi wa zane kafin ta saya. Rabonta da ganin fuskar nan sosai tun yana goye, in ma ta yarda ta gani a lokacin. Sannan ta waiwayo wajena, don ko a nan ba ta iya yi masa magana ba.

“Ashe hurhura ta hito ma yaron Maiyama,” ta ce.

Baba ya rufe fuska da hannun riga ya tashi ya fita zaure.

Iya ta cika alkawarinta, wannan kam ba zan rage mata ba. Ta shiga, ta fito da yaron a naɗe, bakinta yana motsi da addu'a, ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Kaka da hannunta. Ban ce ta gama yarda ba, don har ta koma Aliero tana tofa masa addu'a duk sanda Kaka ta ajiye shi. Amma ta sauke bargon. Kaka ta sa aka koma inuwa, ta buɗe shi, ta duba yatsunsa da kunnuwansa da bayan wuyansa, ta ce an bar masa dauɗa a hammata, wanda bai yi wa Iya daɗi ba. Ta karɓi tandu ta ja masa kwalli siriri a kowane ido, hannunta bai karkace ba. Da yamma na kwance ƙullin kayanta na mayar da kwanon inda yake zama. Da gari ya waye, tana wanke fuska, na tsuguna na ƙura wa idanun nan biyu ido har ta dungure mini goshi. Zobe ɗaya ne, launi ɗaya, sai dai na hagu da farin ɗigo a tsakiya.

Daga ranar ta koma juya fuska bango in Baba ya zo gaisuwa, shi ma ya koma bakin ƙofa. Ba su sake duban juna ba, aƙalla a gaban mutane, har ta bar duniya.

Yanzu abubuwa sun sauya. Ana cire yana da safe mutum ya kwana a gidansa, ɗan gilashin a cikin idon ake sa shi, ba mai yawo da gindin kwalba a fuska. 'Ya'yanmu suna kiran 'ya'yansu na fari da suna tun daga ƙofar gida, su rungume su, su ɗauki hoto kunci da kunci. Wani lokaci abin yana ba ni kunya, wani lokaci kuma in ce da ma haka aka yi tun da. Tambayar dai ba ta mutu ba, bara ma wata maƙwabciya ta tare ni tana so ta ji ko aikin yana sauya launin ido, na ce mata ta kwantar da hankalinta, idon da ta shiga da shi da shi za ta fito.

Da tsufa ya kama Baba shi ma yana ta rufe masa ido, ni na kai shi aka yi masa. Muna zaune a benci muna jiran a kira shi, na ga jikinsa a sanyaye, sai na tsokane shi na ce ya roƙi likita kada a sa masa na mage. Ya yi dariya. Na ce masa ranar nan ya yi ƙoƙari, a cikin wannan rana da idon jama'a ya iya tsayawa ya gwada launi biyu.

“Ni ban ga launi ba, ɗiyata,” ya ce. “Ko guda. Tun kahin in kai ga ijiyarta hawaye sun ruhe min tawa. Abin da nis sani ɗai, ta juyo min da huska.”

Na ce, “To Baba, da ba iri guda ba ne fa?”

Ya daɗe yana murza hularsa a kan gwiwa.

“Da haka nan zan ce.”